Ido, yanka, ilektiron ko DNA: wace hanya za ka bi ka gane jar gansakukar teku mai ɓawo?

Duk wanda aiki ya haɗa shi da jar gansakukar teku mai ɓawo, ɗalibi ne mai shirin rubuta kundi ko mai sa ido kan lafiyar tudun murjani, akwai tambayar da ba ya tsallake ta: da me zan gane abin da na ɗebo? Halittu ne da ke shimfiɗewa su manne wa dutse kamar fentin da aka zuba ya bushe, wasu ruwan hoda, wasu ja wur, wasu shunayya. Ba ganye, ba fure, ba wata alama da za ka riƙe daga nesa. Hanyoyi 4 ake bi wajen sa musu suna, kuma da wuya kuɗi da lokaci su ishi mutum ya bi dukansu, don haka dole a zaɓa.

Su wane ne ake ƙoƙarin ganewa?

Shimfiɗewa a kan dutse ba ta nuna zumunci. Jar gansakuka, wadda masana ke kira Rhodophyta, tana da nau'i wajen 7,000, kuma zuriyoyi da dama a cikinta kowace ta kama wannan salon rayuwa da ƙashin kanta.

Mafi yawa su ne masu alli, 'yan babban gidan Corallinophycidae. Suna tara sinadarin alli, irin da ake kira kalsait mai yawan magnesiyam, a cikin bangon tantaninsu, har su yi tauri irin na dutse. Taurin nan ne ya sa Linnaeus, masanin rabe-raben halittu, ya jera su cikin dabbobi tare da murjani, sai a 1837 wani masani mai suna Philippi ya bayyana jinsin Lithophyllum da wani jinsin makamancinsa a matsayin tsirrai. A 1986 aka ware musu rukuninsu, Corallinales. Daga baya aka fitar da Sporolithales a 2010, Hapalidiales a 2015, Corallinapetrales a 2021. Ka lura da waɗannan shekarun, domin suna nuna maka cewa rabe-raben bai gama zama ba.

Sai dangin Peyssonnelia, waɗanda suka samu rukuninsu a 2009. Jansu ya fi duhu, allinsu wani iri ne daban mai suna aragonait, wasu ma kaɗan suke da shi, kuma suna kama dutse da 'yan siraran zaruruwa a ƙasansu. Na uku Hildenbrandia, wadda ba ta da alli ko kaɗan, siririya ce ƙwarai, ba ta ɓamɓaruwa sai an kankare. Hildenbrandia rubra tana kan duwatsun bakin teku, Hildenbrandia rivularis kuwa a rafuka take.

Akwai kuma masu shigar burtu. An daɗe ana kiran wani ɓawo mai duhu da suna Petrocelis, ana ɗauka jinsi ne mai zaman kansa, sai a shekarun 1970 da aka rene shi a ɗakin gwaje-gwaje aka ga ashe wani mataki ne a rayuwar Mastocarpus, gansakuka mai ganye da ke tsaye.

Wani zai ce, to mene ne na wahala, tunda duk ɓawo ne? Amsar tana ga murjani. A babban tudun murjani na Ostareliya, binciken da aka buga a 2004 ya nuna cewa 'ya'yan murjanin Acropora sun fi son sauka a kan Titanoderma prototypum, kuma sun fi rayuwa a kansa fiye da sauran nau'o'in da ke kusa. A tekun Karebiyan kuwa, Ramicrusta textilis, 'yar dangin Peyssonnelia da aka bayyana daga Jamaika a 2009, hawa kan murjani mai rai take yi ta lulluɓe shi. Wanda ya haɗa waɗannan biyun a layi ɗaya cikin rahotonsa ya haɗa mai raino da mai kisa.

Ma'aunan da za a auna da su

Na farko zurfi: hanyar za ta kai ka rukuni ne kawai, ko jinsi, ko har nau'i? Na biyu kuɗi, na kayan aiki da na kowane samfuri. Na uku ƙarko, kuma fuska biyu gare shi: shin samfurin zai daɗe a ajiye, kuma shin sunan da ka ba shi zai tsaya nan da shekara 20? Na huɗu sauƙi, wato tsawon koyo da tsawon aikin. Na ƙarshe haɗari, ga lafiyarka da kuma ga gaskiyar sakamakonka. A ganina ƙarkon suna shi ne ma'aunin da aka fi mantawa da shi, kuma shi ya fi cizo daga baya.

Hanya ta farko: ido, madubin hannu da hoto

Babu wadda ta kai ta araha. Madubin hannu mai ƙara girma sau 10 ko 20, guduma da kurfi, kyamara mai shiga ruwa, da ɗan asid mai rauni a kwalba sun isa. Ka ɗiga asid a kan ɓawon: in ya yi kumfa, akwai alli, in bai yi ba, ka karkata wajen Hildenbrandia ko ɓawon irin su Mastocarpus. Sai dai ka tabbata dutsen da ke ƙasa ba na alli ba ne, in ba haka ba shi zai yi kumfar ya yaudare ka. Ka karce saman da wuƙa: masu kalsait fari fat suke fitowa a ciki.

Da madubi kana iya ganin ɗakunan iri, 'yan ƙananan tudu a saman ɓawon inda ƙwayoyin haihuwa ke girma. In rufin ɗakin yana da ƙananan huji da yawa, kana cikin Hapalidiales. In huji ɗaya ne, ba ka gama ba, domin ɗakunan namiji da na mace huji ɗaya gare su a Hapalidiales da Corallinales duka.

Daga nan hanyar ta ƙare. Siffar waje ba ta da amana: nau'i guda yana iya zama sumul inda igiyar ruwa ke dukansa, ya yi ƙuraje ko rassa inda ruwa ke kwance. Katantanwa da bushiyar teku da kifin aku suna kankarar samansa su sauya masa kama. Launi yana bin yawan haske, kuma yana kwaɗewa da zarar samfurin ya bushe. Mikael Foslie na Norwe, wanda ya rasu a 1909, ya raɗa ɗaruruwan sunaye, da yawa bisa siffar waje, wasu daga guntayen da ba su ma da ɗakin iri, kuma masana sun shafe fiye da ƙarni suna warware abin da ya bari a ma'adanar tsirrai ta Trondheim. Ba laifinsa ba ne, kayan aikin zamaninsa ke nan.

Hoto yana daɗewa, kuma manhajoji irin su CPCe da CoralNet suna taimakawa wajen ƙirga yawan wurin da ɓawon ya rufe. Amma a hoto har soson teku mai shimfiɗewa, da gansakuka mai ruwan ƙasa Ralfsia, da wata jar halitta mai tantani ɗaya da ake kira Homotrema, suna iya shigewa cikin lissafin. Haɗarin jiki kuwa na bakin teku ne: santsin dutse, igiyar ruwa, da nutso.

Hanya ta biyu: yanka siriri a duba da maikiroskof

Wannan ita ce hanyar da rabe-raben ƙarni na 20 ya ginu a kanta, tun daga aikin Marie Lemoine a Faris zuwa na Walter Adey da William Woelkerling. Aiki ne na haƙuri. Ana tsoma guntun samfurin cikin asid mai rauni ko sinadarin EDTA har kumfa ta daina fita, alamar alli ya narke. Abin da ya saura taushi gare shi, yatsa ma yana iya lalata shi. Sai a rina shi, a janye ruwan jikinsa da giyar gwaji mataki-mataki, a binne shi cikin ƙaron roba, in ya daskare a yanka shi da na'urar yanka siriri, kaurin kowane yanki bai wuce maikiromita 5 zuwa 12 ba. Yankan kuma sai ya bi tsayin zaruruwan tantanin da suka gina ɓawon, daga tsakiya zuwa baki. In ya karkace, tantanin zai fito a gicciye, aikin kwanaki ya tafi a banza.

Amma in yankan ya yi kyau, abin da za ka gani yana da yawa. Za ka ga yadda tantanin zaruruwa maƙwabta ke haɗuwa: a Lithophyllum wata 'yar ƙofa ce mai toshe a tsakaninsu, a Hapalidiales da Porolithon kuwa bangon ne ke narkewa su haɗe, Sporolithon kuma yana iya nuna duka biyun. Za ka ga tantanin saman ɓawo, wanda a Lithothamnion da Sporolithon yake buɗewa ta sama. Za ka ga manyan tantani masu gashi da ke jeruwa gungu-gungu a Porolithon. Za ka ga yadda jakar iri, wadda ƙwayoyin haihuwa ke ciki, ta rabu gida huɗu: a jere ɗaya bisa ɗaya a Corallinales da Hapalidiales, a gicciye a Sporolithales, waɗanda ma ba su da ɗakin iri na taro, kowace jaka tana cikin ƙaramin gurbinta na alli.

Kuɗinta matsakaici ne in ɗakin gwaje-gwajen yana da na'urar yanka da maikiroskof tun farko. Sayen su daga tushe shi ne tsada. Gilasan da aka shirya suna shekaru masu yawa. Koyo yana ɗaukar watanni, kuma da wuya a iya shi ba tare da wani ya zauna kusa da kai ya nuna maka abin da kake kallo ba.

Matsalolinta uku. Yawancin alamomin da ake dogara da su suna cikin ɗakin iri, samfura da yawa kuwa ana ɗebo su ba su da shi. Sannan alamomin kansu suna maimaituwa a zuriyoyin da ba su da kusanci. An narkar da jinsin Porolithon cikin Hydrolithon a 1992 bisa hujjar yanka, sai DNA ya dawo da shi a 2011. An kuma daɗe ana raba masu alli gida biyu, masu gaɓoɓi da ke tsaye da marasa gaɓa da ke kwance, sai ga jinsin Crusticorallina da aka bayyana a 2016: ɓawo ne shimfiɗaɗɗe amma 'yan uwansa na jini masu gaɓoɓi ne. Ta uku ita ce fomalin, ruwan da aka saba adana samfuri a ciki. Yana cutar da numfashi, yana cikin sinadaran da ke jawo sankara, kuma yana lalata DNA. Wanda ya zuba duk abin da ya ɗebo a fomalin ya rufe wa kansa hanya ta huɗu.

Hanya ta uku: maikiroskof na ilektiron

Nan ba a narkar da alli. Ana fasa busasshen samfuri, a manna guntun a kan ɗan ƙarfe, a fesa masa siririn zinare, a sa a na'ura. Shirin ya fi na yanka sauri nesa ba kusa ba, hotunan kuma suna fitar da hujin ɗakin iri da tsarin alli a bangon tantani tar. Sai dai abin da ke da taushi, kamar rabuwar jakar iri, yawanci ya bushe ya shanye. Na'urar tana da tsada, ba kowace jami'a ke da ita ba, kuma galibi da awa ake biyan kuɗin amfani da ita. Wajen sa suna ba ta wuce inda yanka ya tsaya ba, domin alamomin jiki iri ɗaya take karantawa. Inda ta yi fice shi ne tambayoyin da suka shafi allin kansa, misali yadda bango ke zaizayewa in tsamin ruwan teku ya ƙaru.

Hanya ta huɗu: karanta DNA

Aikin yana farawa tun a bakin ruwa. Ka goge samfurin, ka cire duk abin da ya hau kansa, ka bar shi ya sha iska a inuwa, ka sa shi cikin leda da ƙwayoyin silika masu shanye laima. A ɗakin gwaje-gwaje ana kankaro ɗan gari daga saman ɓawon, a fitar da DNA, a ninka wani yanki nasa, a aika a karanta. Yankunan da aka fi amfani da su uku ne: psbA, wanda ya fi saurin kamawa a masu alli, da rbcL, da COI-5P wanda Gary Saunders ya gabatar don jar gansakuka a 2005. Ba a buƙatar ɗakin iri, guntu kamar farce ya wadatar.

Abin da wannan hanya ta tono ya girgiza fannin. Porolithon onkodes, wanda ke gina gefen tudun murjani inda igiyar ruwa ta fi ƙarfi, an ɗauka nau'i ɗaya ne a duk tekunan wurare masu zafi. Binciken 2018 ya nuna aƙalla nau'i 20 ne ke ɗauke da sunan. A Bahar Rum, Lithophyllum stictiforme ya tashi nau'i fiye da 10. A Niyu Zilan, binciken 2019 ya ƙirga nau'i 122 na masu alli, mafi yawansu ba su da sunan da za a iya liƙa musu da tabbaci. Ko Lithothamnion glaciale, sanannen nau'in tekun arewa, an mayar da shi sabon jinsi, Boreolithothamnion, a 2023.

To amma a nan ne mutane ke zamewa. Na'ura ba ta ba ka suna, jerin haruffa take ba ka. Kai ne za ka kwatanta jerin da abin da ke rumbun GenBank ko BOLD, sunayen da ke can kuwa mutane ne suka sa su, da yawa bisa siffar jiki. In jerinka ya yi daidai da na wani da ya yi kuskure, ka gaji kuskurensa, kuma ka gaje shi da ƙarfin gwiwa. Abin da ke ɗaure suna shi ne samfurin asali, wato ainihin guntun da mai raɗa sunan ya ajiye a ma'adana. Shi ya sa masana irin su Paul Gabrielson da Jeffery Hughey suka duƙufa wajen karanta DNA na waɗannan tsofaffin samfura, wasu sun haura shekara 150, inda DNA ya gutsuttsure har sai guntun rbcL mai haruffa ƙasa da 300 ake iya samu. Kafin ka amince da suna a rumbu, ka duba ko an danganta shi da samfurin asali, sannan ka leƙa AlgaeBase, rumbun sunayen gansakuka na intanet, ka ga sunan da ake amfani da shi yanzu.

Wani tarkon kuma gurɓata ne. Ɓawo yana hawa kan ɓawo, ƙwallon gansakuka guda da ke birgima a ƙasan teku yana iya ɗauke da nau'i biyu ko uku, kuma akwai koriyar gansakuka Ostreobium da ke rayuwa a cikin allin. In ka kankara da zurfi, wani ka karanta. Sai batun izini: yarjejeniyar Nagoya kan amfani da albarkatun halittu na ƙasashe, wadda ta fara aiki a 2014, ta sa ƙasashe da yawa suna neman takarda kafin a fitar da samfuri ko a yi aikin DNA a kansa, kuma samun takardar kan ɗauki lokaci fiye da gwajin.

Kuɗin kowane samfuri ya fi na yanka in aka cire ladan lokaci, amma a kan samfura da yawa ta fi sauri, kuma koyon matakan bai kai na yanka wuya ba. Wajen ƙarko kuwa ba ta da na biyu: ko sunan ya canza gobe, jerin haruffan yana nan, kowa zai iya gano abin da ka yi aiki a kansa.

| Ma'auni | Ido da hoto | Yanka | Ilektiron | DNA |
|---|---|---|---|---|
| Inda take kaiwa | babban kaso, wani lokaci rukuni | jinsi, nau'i da shakka | daidai da yanka | nau'i, in akwai abin kwatance |
| Kuɗi | kaɗan ƙwarai | matsakaici | mai yawa | matsakaici zuwa mai yawa |
| Ƙarkon suna | rauni | matsakaici | matsakaici | mai ƙarfi |
| Koyo | kwanaki | watanni | makonni, da mai kula da na'ura | makonni |
| Buƙatar ɗakin iri | yana taimakawa | kusan dole | kusan dole | babu |
| Babban haɗari | sunan ƙarya | asid, fomalin, alamomi masu ruɗi | tsada, rasa sassa masu taushi | gurɓata, sunan kuskure a rumbu |

Wa ya kamata ya ɗauki wace?

In aikinka sa ido ne, kana son sanin ko ɓawon yana ƙaruwa ko raguwa shekara bayan shekara, hoto ya ishe ka. Ka raba masu alli da dangin Peyssonnelia a lissafi, ka tsaya nan, kada ka rubuta sunan nau'i. Haka mai tankin kifin teku da ke son sanin abin da ya fito masa a gilashi: madubi da ɗigon asid a kan ɗan abin da ya kankaro sun amsa tambayarsa.

Ɗalibin da kuɗinsa kaɗan ne, amma akwai na'urar yanka da malamin da ya iya, ya yi yanka ya tsaya a jinsi. Sai dai tun ranar ɗiba ya raba kowane samfuri biyu, rabi don yanka, rabi a silika da lamba iri ɗaya. Silika ba ta da tsada, kuma ranar da hali ya samu, ko wani mai bincike ya nema, rabin nan zai yi magana.

Mai gwajin zafi ko tsamin ruwa shi ne na fi matsa wa ya biya kuɗin DNA. Kalsait mai yawan magnesiyam ya fi sauran nau'o'in alli saurin narkewa, shi ya sa ake yawan gwaji da waɗannan halittu. A wani gwaji da aka yi a Hawai aka buga a 2008, wurin da suka rufe ya ragu da kashi 92 cikin 100 a ruwan da aka ƙara wa tsami. Amma in tankunanka suna ɗauke da nau'i uku da ka ɗauka ɗaya ne, ba za ka san ko bambancin da ka gani na ruwa ne ko na nau'i ba. Ka karanta psbA na kowane guntu kafin ka fara, in kuma tambayar ta shafi bangon tantani ka ƙara da ilektiron.

Mai aiki da burbushin da ya zama dutse ba shi da zaɓi. Babu DNA a ciki, sai dai a yanka dutsen a goge shi har haske ya ratsa, a nemi ɗakunan iri da haɗuwar tantani. Da wannan hanya aka san cewa Sporolithon yana nan tun farkon Kiretashiyos, wani tsohon zamani a tarihin duniya. Mai karanta tarihin yanayi daga layukan girma, irin na Clathromorphum compactum wanda wani samfurinsa daga arewacin Kanada ya ba da tarihin shekara 646, shi ma yanka da gogewa ne aikinsa, amma ya ɗebi ɗan gari daga saman mai rai don tabbatar da nau'in.

Wanda kuma ke zaton ya samo sabon nau'i, kamar Pneophyllum cetinaensis da aka bayyana daga kogin Cetina na Kuroshiya a 2016, mai alli na farko da aka sani a ruwan daɗi, babu hanya ɗaya da za ta ishe shi. Yana buƙatar yankin DNA biyu ko uku, da kwatanci da samfuran asali na duk tsofaffin sunayen da za su iya zama nasa, da yanka ko hoton ilektiron don bayanin jiki, sannan ya ajiye samfurinsa na asali a ma'adanar tsirrai da aka sani, busasshe, ba a fomalin ba.